Digiri 178 ko 183: Tambayar da Ɗalibata Ta Yi Mini

Makonni biyu da suka wuce na shiga ajin farko na babbar sakandare a makarantar da nake koyarwa, a wani ƙauye da ke kusa da Ringim, na ce kowa ya zana alwatika irin wadda ya ga dama, ya auna kusurwoyinta uku da ma'aunin roba da ke cikin gwangwanin kayan lissafi, sannan ya haɗa jimillarsu. Ma'aunan ba su fi shida ba a ajin gaba ɗaya, saboda haka sai da aka yi ta miƙa su daga benci zuwa benci. Da aka kammala, wani ya sami digiri 178, wani 181, wata kuma 183. Nan take wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, littafi ya ce 180 ne, mu kuma mun auna da hannunmu mun ga saɓanin haka, to da wanne za mu yarda?"

Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin ita ce ƙofar shiga jometiri, wato lissafin siffofi. Na bayyana musu cewa bakin fensir yana da kauri, hannu yana rawa, ido kuma yana kuskure, kuma ko da dukanmu mun sami 180 cif, alwatikan da muka auna kaɗai muka sani, ba mu san komai game da waɗanda ba mu zana ba. Abin da ake buƙata shi ne hujja wadda za ta hau kan kowace alwatika.

Na zana wata a allo, na ja miƙaƙƙen layi ta kan tsininta, wanda yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da gindinta ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, kamar ƙarafunan layin dogon da ya ratsa Ringim ya nufi Nguru. Mun riga mun amince cewa idan wani layi ya gitta irin waɗannan layuka biyu, kusurwoyin da ke cikin lungunan siffar harafin Z daidai suke da juna. Saboda haka kusurwar hagu ta gindi tana da takwararta a sama, haka ma ta dama, kuma idan aka haɗa waɗannan biyun da kusurwar tsinin, sai su cike miƙaƙƙen layi, wanda digirinsa 180 ne. Ba mu taɓa ma'auni ba, amma babu matakin da wani ya iya musawa.

Wannan hujja tsohuwa ce. Uƙlidis, masanin lissafi, ya rubuta makamanciyarta a birnin Iskandariyya na ƙasar Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a mas'ala ta 32 ta juzu'in farko na littafinsa mai juzu'i 13, wanda aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Haruna Rashid. Tsarinsa shi ne a fara da 'yan ƙa'idoji kaɗan da kowa ya amince da su, sannan kada a karɓi wata magana sai an nuna yadda ta fito daga abin da ya gabace ta. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanci manɗiƙi ba zai ji wannan baƙo ba.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne juya magana. Na ce musu, "Idan aka yi ruwan sama, ƙasa za ta jiƙe. To ga ƙasa a jiƙe, shin an yi ruwa ke nan?" Da yawa suka amsa da e, sai wani yaro da mahaifinsa ke noman rani a fadama ya ce a watan Fabrairu ma gonarsu a jiƙe take, alhali ko ɗigo bai sauko ba. Haka yake a siffofi: kowane murabba'i gefunansa huɗu tsawonsu ɗaya, amma ba kowace siffa mai irin waɗannan gefuna ce murabba'i ba, domin tana iya kasancewa a karkace. A ganina, koya wa yaro wannan bambanci ya fi cusa masa ƙa'idoji ashirin da zai haddace saboda WAEC ko NECO ya manta bayan fitowa daga ɗakin jarrabawa.

Ranar Alhamis na kai su bayan masallaci, inda wani dattijon magini yake fitar da harsashin ɗaki. Ya kafa turke, ya auna ƙafa uku a igiya ɗaya, ƙafa huɗu a ɗayar, ya yi ta matsar da su har tsakanin alamun biyu ya zama ƙafa biyar, don kusurwar ɗakin ta zama digiri 90. Na ce, "Baba, me ya sa sai biyar?" Ya ce haka maigidansa ya koya masa, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Yaran suka lissafa a ƙasa da tsinke: uku sau uku 9, huɗu sau huɗu 16, a haɗe sun ba da 25, wato biyar sau biyar. Na ja hankalinsu cewa ƙa'idar Fisagoras ta fara ne daga kusurwa mai digiri 90 ta kai ga tsawon gefuna, shi kuwa Baba daga tsawon ya fara ya kai ga kusurwar, wato juyayyiyar maganar yake amfani da ita. A nan juyin gaskiya ne, amma Uƙlidis bai ɗauke shi haka kawai ba, sai da ya kawo masa hujja ta daban a mas'ala ta 48, bayan ta 47 wadda ita ce ƙa'idar Fisagoras ɗin.

Ɗalibar nan ta tambaya ko ƙafa shida da takwas da goma ma za su yi. Baba ya miƙa mata igiyar, ni kuma na ce ta gwada yanzu, amma ranar Litinin ta zo mana da dalilin a rubuce.