Kwana bakwai a kan tabarma

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan an sauko daga masallaci, ina shagona ina ƙarasa ɗinkin wata amarya sai na hango hayaƙi ya turnuƙe sama. Zanga-zanga ce kan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, zanen da ni ko ganinsa ban taɓa yi ba. Kafin almuru an ƙona majami'u a Damagaram, an ƙona cibiyar al'adun Faransa, an taɓa gidaje da shagunan Kirista. Nawa na ciki: keken ɗinki biyu da atamfofin mutane da na karɓa amana. Washegari wutar ta kai Yamai.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Musulma da muke kira Inna, ita ta ja matata da yara cikin ɗakinta ta saki labule. Da na iso a guje, cewa kawai ta yi, "Shiga, ɗana." Daga can muka koma barikin soja, inda Kirista da dama suka fake.

Abin da ya fi ci mini rai bayan haka daga 'yan'uwa ya fito, kuma da zuciya ɗaya suka yi. Duk wanda ya zo jaje sai ya jawo mini Romawa 8:28, cewa kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah. Na haddace ayar tun ina yaro. Amma ga mutumin da yake lissafin turmi nawa zai biya, jin ta a lokacin kamar zuba barkono a gyambo ne. Na yi watanni ina zuwa sujada, baki na waƙa, zuciya a kulle. Addu'a kam na daina, gaskiya ke nan.

Wani dare da aka ɗauke wuta, zafi ya hana barci, na buɗe littafin Ayuba da tocila, ina neman wanda zai taya ni ƙorafi. Sai na tsaya a 2:13. Abokansa uku sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki suka fara fassara masa dalilin wahalarsa, nan suka ɓata, har a sura ta 42 Allah ya yi fushi da Elifaz da abokansa biyu. Shi Ayuban ma, har littafin ya ƙare Allah bai gaya masa dalili ba. Na rufe littafin ina tuna Inna, wadda ba ta taɓa yi mini bayanin kome ba. Takan aiko jikanta da kwaryar fura, in mun haɗu a ƙofa ta ce, "Sannu, ɗana," ta wuce.

Bayan shekara biyu, cikin bazara, sanƙarau ya ɗauke jikan nan. A dā sai in je in yi gaisuwa a tsaye in koma bakin aiki. Wannan karon na rufe shago na zauna a tabarmar makoki har sadakar bakwai. Ina neman mai garuwa, don ruwa a garin nan kowa ya san halinsa, ina naɗe tabarmi da dare. Wasu suna kallona, na bar su da kallonsu. A kan tabarmar ne 2 Korintiyawa 1:4 ta buɗe mini: ta'aziyyar da aka yi maka, da ita za ka yi wa wani. A can kuma na tsinci kaina ina addu'a a zuci ba tare da na shirya ba.

Har yau ban san me ya sa shagona ya ƙone ba, na kuma daina matsa wa Allah da tambayar. Keke ɗaya gare ni yanzu, na hannu, daga kasuwar Dole. Ranar bakwai ɗin, da mutane suka watse, Inna ta leƙo zaure ta same ni ina kaɗe tabarma. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Ɗana, ka ci abinci kuwa?"