Wuƙar da ba ta ɗauke da sunan maƙerinta

Kwana uku kafin Babbar Salla na ɗauki wuƙar yankan mahaifina, Allah ya ji ƙansa, na kai ta maƙera domin a gyara mata ƙota. Tsohon maƙerin da na samu bakin zugazugi ya jujjuya ta, ya gwada kaifin da babban yatsa, sannan ya ce, "Ɗana, wanda ya ƙera wannan ya san wuta." Na ce, "Baba, ko za ka iya gane hannun wane ne?" Ya girgiza kai, domin tun daga tsini har gindi babu wata alama a jikinta. Wuƙar ta shekara fiye da talatin tana yanka ragon layya a gidanmu nan Maraɗi, kuma har yau ba mu san wanda za mu yi wa addu'a a kanta ba.

Wannan ne ya sa nake yawan tunanin yadda maƙeran wuƙa na wasu ƙasashe suke baje kolin aikinsu. A birnin Atlanta na Amurka ana yin wani babban taro mai suna Blade Show a watan Yuni na kowace shekara, inda maƙeri yake zama a bayan teburinsa da ƴan wuƙaƙen da ya ƙera da hannunsa, mai saye ya ɗaga, ya auna nauyi a tafinsa, ya tambayi irin ƙarfen da yadda aka gasa shi. A Faransa ma garin Thiers, wanda ya daɗe da shahara da sana'ar wuƙa, yana shirya nasa mai suna Coutellia a watan Mayu. Kusan duk wuƙar da ke kan teburan nan tana ɗauke da tambarin mai ita a kusa da ƙota.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jarrabawar ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, American Bladesmith Society, wadda wani maƙeri mai suna Bill Moran da abokansa suka kafa a 1976. Moran ne ya farfaɗo da ƙirar ƙarfen Dimashƙa a Amurka a 1973, wato a haɗa ƙarfe iri biyu a wuta, a yi ta dukansu ana ninkawa har zane ya fito kamar gudun ruwa. Mai neman shaidar ƙungiyar zai datse igiya mai kaurin inci ɗaya da ke reto a sara guda, ya sassare katako ya raba shi har sau biyu, sannan ya aske gashin hannunsa da wannan kaifin ba tare da ya sake wasa shi ba. A ƙarshe a matse wuƙar a lanƙwasa ta digiri 90, kuma dole kada ta karye. Mai neman matsayin gwani kuwa sai wuƙarsa ta kasance ta Dimashƙa mai ninki aƙalla 300. Wanda ya ci sai a ba shi izinin buga harufan matsayinsa a jikin aikinsa.

Maƙeranmu babbaƙu ba su da injin wasawa mai bel, ba su da tanda mai auna zafi. Da gawayin ƙirya da masaba da uwar maƙera suke mayar da tsohon sifirin mota wuƙar fiɗa, kuma da ido suke gane launin da ƙarfe zai kai kafin a tsoma shi. Na yi imani wasu daga cikin wuƙaƙensu za su iya datse igiyar nan, mahautan garin nan ma shaida ne. Sai dai aikin gwani da na ɗan koyo a tabarma ɗaya ake shimfiɗa su ranar kasuwa, mai saye kuma yana taya su kuɗi ɗaya.

Ba sai mun jira babban zaure ba. Sarkin Maƙera zai iya tara mutanensa mako guda kafin Salla, dukawa su zo da kube, mahauta su yi alƙalanci da igiya da itace a gaban jama'a. Da na koma karɓar wuƙar na roƙi Baba ya ƙera mini sabuwa, ya kuma buga wata alama tasa a gindinta. Ya yi shiru, sannan ya ce kakansa yana yin ɗigo uku a jikin fartanya, su zai sa.