Kafin ka kama hanyar Kano daga Damagaram

Ko ta Matamaye da Ɗan Barto za ka bi ka faɗa Kwangwalam da Daura, ko ta Magarya da Tinkim, takardu iri ɗaya ake tambaya a kan iyaka. Na farko katin ɗan ƙasa ko fasfo. Duba ranar ƙarewarsa tun a gida, don a gaban ɗan sanda ba a gyara wannan. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025, saboda haka mai fasfo ya fi kwanciyar hankali, musamman in zai wuce gaba da Kano.

Takardar da mutane suka fi mantawa ita ce katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, ke nan wanda ya yi ta jiya da yamma bai tsira ba. Amma sau ɗaya ake yi, ta isa har ƙarshen rai. Sunan da ke katin ya dace da na katin ɗan ƙasa harafi da harafi. "Mamane" a nan, "Mahaman" a can, ya isa a sauke ka daga mota, direba kuwa ba ya jira.

Mai tafiya da yaro ya riƙe takardar haihuwarsa, in ba nasa ba ne ya haɗa da izinin iyaye mai hatimin hukuma. Mai motar kansa zai nuna kartigiris (takardar rajistar mota), lasisi da inshora, ya karɓi takardar shiga wajen duwan. A yi fotokofi biyu biyu, a sa cikin leda, a raba aljihu da na ainihi.