Yinin da muka kai yara fadamar Baturiya

A Barnawa muke zaune, don haka kusan kullum sai mun haye gadar kogin Kaduna. Amma har Ummi ta kai shekara bakwai, Abba huɗu, ban taɓa jin ɗayansu ya tambaye ni abin da ke rayuwa cikin ruwan nan ba. Giwa da zaki sun san su a waya. Zalɓe kuwa ko sunansa ba su taɓa ji ba. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa da aka ba da hutun Disamba, mai ɗakina ta ce a je Haɗeja gaida iyayenta, na ƙulla a raina sai na kai su Baturiya.

Mun bar gida bayan sallar asuba, hazo ya rufe Kawo. Jaji, Zariya, Kwanar Ɗangora, duk yara na barci. A Kano muka ci abinci, muka bi ta Gezawa da Gujungu, sai bayan la'asar muka shiga Haɗeja a gajiye.

Washegari kawunsu, ƙanen mahaifiyarsu, shi ya zame mana ɗan jagora. Baturiya tana ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta jihar Jigawa, cikin babbar fadamar nan ta Haɗeja da Nguru, inda ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala da damina ya kwanta a tafkuna har tsakiyar rani. A 2008 aka shigar da ita jerin fadamun duniya masu daraja a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Na yi ƙoƙarin yi wa Ummi wannan bayani a mota, ita kuwa hankalinta na kan goruba da ta cika gefen hanya. "Baba, itacen nan me ya sa yake da hannu biyu?" Gaskiyarta, goruba ce kaɗai cikin danginta na saba gani tana rabuwa reshe biyu.

Da muka sauka, sanyi ya fara marabtar mu, sai kuka. Ban san yadda zan kwatanta shi ba, kamar ɗaruruwan yara ne ke busa usur a lokaci guda. Kawu ya ce kirinjijiya ce, wata irin agwagwar ruwa. Suna can tsakiyar ruwa, fararen fuskoki a jere. Wani masunci dattijo ya yarda ya ɗauke mu a kwalekwale, mu biyar. Mai ɗakina ta riƙe Abba ƙam a cinyarta tana ta addu'a, ni na zaunar da Ummi tsakanin gwiwoyina. Duk mai niyyar zuwa da ƙananan yara, ya nemi rigar ruwa tun daga gida. Mu ba mu yi wannan tunani ba, kuma shi ya sa na roƙi dattijon kada ya yi nisa da gaɓa.

Ko a nan kusa ma ido ya sha kallo. Furen bado ya shimfiɗu fari fat, wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu na takawa a kan ganyensa ba ya nutsewa. Zalɓe ya tsaya kamar an dasa shi, Abba ya rantse itace ne, har sai da ya cafko kifi ya haɗiye. Dinya biyu suka tashi da ƙarar fiffike. Sai dattijon ya nuna mana wasu ƙananan agwagi da sandar tuƙinsa, ya ce waɗannan baƙi ne, da hunturu suke zuwa, kafin zafi ya kankama sun tafi. Na faɗa wa yara daga Turai suke, sun gudo wa ƙanƙara, sun ƙetare hamadar Sahara da fikafikansu. Ummi ta yi shiru can, ta ce, "To wa yake nuna musu hanya?" Kawu ya ce, "Wanda ya halicce su, 'yata." Ban ƙara komai ba.

Abin da ya sosa mini rai shi ne kacalla. Doguwar ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Dattijon ya nuna wani wuri ya ce a nan yake jefa taru yana saurayi, yanzu ko kwalekwale ba ya ratsawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a shekarun 1970, daga baya ta Challawa, ruwa ya daina zuwa yadda ya saba, wato ambaliya da damina, bushewa da rani. Inda ruwa ya kwanta shekara cur, nan kacalla ke samun gindin zama, kuma cikinta ne tsuntsun nan jan baki ke ɓuya ya fito ya cinye wa manoma shinkafa da gero. Kano na bukatar ruwan sha da na noman rani, ban musa ba. Amma mutumin da ke tuƙa mu shi ma da ruwan nan yake ciyar da iyalinsa.

Mun ci gasasshiyar karfasa a inuwar gawo, Abba ya yi barci da yaji a kumatu. Kafin azahar muka juya, don rana ta fara dukan yara.

Kwana uku bayan haka muka dawo Kaduna da yamma. Muna hawa gada Ummi ta manna fuska a gilashi ta ce in rage gudu. Motoci na ta yi mini ham a baya. A kan wani dutse tsakiyar kogi akwai fararen tsuntsaye, ta ƙirga guda shida, ta ce ba zalɓe ba ne, wuyansu bai kai ba. Balbela ce.