Abin da ya same mu a gangaren Tiga

Wata Asabar ce a watan Maris. Mun bar Kano bayan sallar asuba, ni da ƙanena da ɗana mai shekara 12, muna janye da ƙaramin jirgin ruwa a kan 'yar tirelarsa a bayan a-kori-kura. Na hannu na sayi jirgin, da injinsa mai ƙarfin doki 15, kuma wannan ne karo na uku da zan saka shi a ruwa. Sau biyun farko a ƙarshen damina ne, lokacin da madatsar Tiga ta cika maƙil, ruwa ya hauro har inda ƙasa take da tsauri. Na ɗauka yadda na bar wurin haka zan tarar da shi.

Wanda ya san Tiga ya san ba haka take ba. Tun da aka gama ta a 1974, zamanin Audu Baƙo, aikinta shi ne ta tara ruwan kogin Kano da damina, da rani kuma a riƙa sakinsa zuwa gonakin Kadawa da Kura. Kafin Maris ruwan ya ja da baya sosai, ya bar fili mai kama da busasshiyar ƙasa, duk ta tsattsage. Saman ne kawai ya bushe. Ƙasansa taɓo ne mai santsi kamar miyar kuɓewa.

Akwai wani dattijo masunci zaune yana ɗinkin komarsa. Na gaishe shi ta tagar mota, ya amsa, sannan ya nuna da haɓa ya ce, "Alhaji, kada tayarka ta wuce wancan baƙin dutsen." Na ce to, Baba. Amma hankalina na kan rana da ta fara ɗagawa, ina gudun lokacin da karfasa ke cin ƙugiya ya wuce mu.

Saboda wannan gaggawar, tun daga saman gangare na kwance igiyar da ke riƙe da hancin jirgin, wai don ya sauka da sauri. Yaron ya roƙe ni ya zauna a ciki, na bar shi. Rigunan kariya uku da na saya suna kujerar baya, a cikin ledarsu.

Na sa ribas ina kallon madubi. Ban ga lokacin da na wuce dutsen ba, ji kawai na yi bayan motar ya dulmiya, tana sulalewa ba da izinina ba. Na taka birki da ƙarfi. Motar ta ɗan tsaya, jirgin kuwa da babu abin da ke riƙe da shi ya zame daga kan tirela ya faɗa ruwa da baya, da yarona a ciki. Har yau ina ganin hannayensa biyu riƙe da gefen jirgin, bakinsa a buɗe, bai ma iya yin ihu ba. Bai iya iyo ba. Iskar safe ta fara tura jirgin ciki, sannan na ji muryarsa: "Abba, ruwa yana shigowa!" Nan take na tuna. Toshiyar ramin da ake tsiyaye ruwa ta bayan jirgin tana aljihuna, tun ranar da na wanke shi a gida.

Na ja birkin hannu na diro, na afka cikin taɓo har gwiwa, na kasa ɗaga ƙafa. Motar da na bari ba a giya ba ta ci gaba da bina a hankali, sai da ƙanena ya ciccibo dutse ya yi mata waigi a tayar gaba. Kafin in ciro ƙafata ɗaya, samari biyu, 'ya'yan dattijon nan, sun riga sun tura kwale-kwalensu. Ɗaya ya sungumi yaron ya dawo da shi cikin nasu, ɗayan ya cusa tsumma a ramin, suka jawo jirgin zuwa gaɓa ruwa ya kai rabinsa. Duka abin bai fi minti biyar ba. Fitar da motar kuwa sai da ya ci mu har azahar, da katakai da igiya da ƙarfin mutum kusan goma.

Baba bai yi mini faɗa ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. Ya ce kawai, "Alhaji, bakin ruwa ya fi tsakiyarsa cin mutane, don a nan kowa yake ganin bai shiga ba tukuna." Ina zaune yaron na jingine a jikina yana rawar ɗari, sai Bagwai ta faɗo mini a rai. A ƙarshen Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Na ji labarin a rediyo, na yi ta faɗin me ya sa ba a sa musu rigar kariya ba. Ga nawa rigunan a leda.

Yanzu nesa da ruwa nake tsayawa, a kan tudu, in gama komai a can ba tare da ido ya dame ni ba. Toshiya ita ce farko, kuma na ɗaure ta da zare a jikin makullin injin, yadda ba zan taɓa ɗaya ba tare da na ga ɗayar ba. Kowa ya sa rigarsa ya ɗaure maɗaurinta tun a tudu. Sai in taka da ƙafa zuwa bakin ruwa da doguwar sanda ina caka ƙasa, in tambayi masuntan wurin inda ruwa ya tsaya a wannan makon, domin amsar makon jiya ba ta da amfani. Ba mai zama a jirgi yana kan tirela. Igiyar hanci ba ta kwantuwa sai bayan jirgin ya fara yawo a ruwa, kuma akwai wata doguwa a hannun ƙanena. Gilashin mota a sauke, bel a kwance, in na tsaya in kashe inji in bar ta a giya, in ja birkin hannu, a sa waigi. Idan ƙasar ba ta kwanta mini ba, motar ba ta sauka, mu nemi hannu a tura tirelar.

Watanni huɗu yaron ya yi bai yarda ya sake bina ba. Na kai shi ya koyi iyo. Da muka koma bayan ruwa ya dawo, mun tafi wa samarin nan da rigunan kariya biyu, kuma shi da kansa ya durƙusa ya murɗa toshiyar, ya sake taɓa ta sau biyu kafin ya ce mini in ja mota.