Jirgin da ya yi wa Jidda ruwan igwa

Kakarmu, Allah ya jiƙanta, tana da wani lissafi nata na daban, in za ta faɗi shekarun wani tsoho sai ta ce ai wane kafin igwa aka haife shi, ko ta ce wance bayan igwa ce. Ita ma fa ba gani ta yi ba, daga bakin mahaifiyarta ta ji, wadda aka tsallako da ita daga Suwakin ta gaɓar Sudan tana yarinya. Wai lokacin mutanenmu a bukkoki suke a bayan ganuwar Jidda, sai wata rana aka fara jin wani rugugi daga wajen teku kamar aradu alhali sama tas babu ko ɗigon hadari, uwarsu ta kife su a ƙasa ta lulluɓe su da tabarma tana ta salati, aka yi kwanaki ana haka, ga gari babu abinci. Iyakar labarin kenan. Muna yara in mun ce Hajiya wa ke harbin, sai ta ce Nasara mana, daga cikin ruwa.

Ni dai aikina jan kwantena daga mina, wato tashar jiragen ruwa ta Jidda, wanda ya san aikin ya san rabinsa jira ne a layi, to a irin wannan zaman ne da daddare ina shan shayi a cikin mota na fara bin abin a waya, kuma wallahi tun da na gano sunan jirgin na kasa barinsa. Sunansa HMS Fox. Sunan wata dabba ce irin su yanyawa. Jirgin yaƙin Ingila ne matsakaici irin wanda suke ce wa kuruza, ba manyan nan da ake karo da su gaba da gaba ba, shi na sintiri ne, a aike shi can nesa inda suke mulkin mallaka ya je ya tsorata mutane. A Fotsmot aka ƙera shi, aka saka shi a ruwa a watan Yunin 1893, nauyinsa tan 4,360, tsawonsa ƙafa 320, da kwal yake tafiya, yana da manyan igwa guda 2 masu bakin inci 6 da wasu 8 masu inci 4.7, ma'aikatansa mutum ɗari uku da ƴan kai.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne ashe tun kafin ya zo nan ya riga ya taɓa ƙasashenmu na yamma. A 1898 yana Saliyo ƙarƙashin Kyaftin Frank Henderson, lokacin da Gwamna Cardew ya ɗora wa mutane harajin ɗaki, sule biyar kowane ɗaki, mutum ya gina abinsa da hannunsa a ƙasar ubansa a ce ya biya, sai Bai Bure ya ce ba za ta saɓu ba aka shiga yaƙi. Fox na cikin jiragen da suka taimaka aka murƙushe abin, Bai Bure kuma aka kama shi a ƙarshen shekarar aka kai shi Gwalkwas, Gana ta yanzu. Shekara biyar bayan wannan ne Sakkwato ta faɗi aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, jama'a suka yo gabas, wasu suka tsaya Mai Wurno a Sudan wasu suka wuce har nan. Kun ga kenan hanyar da kakanninmu suka bi a ƙasa da ƙafa, shi ma jirgin gabas ɗin ya nufo ta ruwa.

A 1901 Kyaftin Frederick Pelham ya kawo shi rundunar tekun Indiya. A watan Afrilun 1904 yana cikin jirage uku, da Hyacinth da Mohawk, da suka sauke sojoji suka ci garin Ilig a gaɓar Somaliya, sansanin mutanen Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, malamin nan da a Makka ya karɓi ɗarikar Salihiyya ya koma gida ya yi shekara ashirin yana fafatawa da Ingila. Bayan nan ya yi ta sintiri a yankin Gulf yana tare kwale-kwalen masu safarar bindigogi.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne Tanga. Yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, Tanganika tana hannun Jamus, Ingila ta kwaso sojoji wajen 8,000 daga Indiya ƙarƙashin Janar Aitken, Fox ne ya rako su, kyaftin ɗinsa a lokacin Francis Caulfeild. To da ma akwai wata yarjejeniya da sojan ruwan Ingila suka yi da Jamusawan wurin cewa ba za a taɓa tashar Tanga da ta Darussalam ba, shi Caulfeild sai ya ga bai kamata a afka musu ba tare da an gaya musu an warware wancan alkawari ba. Ranar 2 ga Nuwamba ya shiga da jirginsa ya ce wa jami'in Jamus na garin su miƙa wuya su sauke tuta, mutumin bai sauke ba, shi kuma yana tsoron an dasa nakiyoyi a cikin ruwan sai ya tsaya ana ta sharar tasha, ba a sami ko ɗaya ba. Wannan jinkirin ne ya ba Kanar Lettow-Vorbeck dama ya loda askarawansa a jirgin ƙasa daga wajen Moshi ya sauko da su, mutum kamar dubu ɗaya. Ranar 4 ga wata aka gwabza, sojojin Indiya da suka yi makonni a cunkushe cikin jirgi amai ya galabaitar da su, ba su san daji ba, ga harsashi ya tarwatsa amyoyin zuma da ke rataye a bishiyoyi ƙudan zuma suka fito suka hau kowa da harbi. Aka kashe ko aka raunata musu sama da mutum 800, suka gudu suka bar bindigogi da harsasai jibge a bakin ruwa, Jamusawa suka kwashe.

Har yau masu tarihinsu suna ganin laifin Caulfeild, suna cewa shi ya tona asirin harin. Ni kam gaskiya zuciyata ba ta ba ni in zage shi a kan wannan ba, mutum ne da aka yi alkawari da sunan rundunarsa ya ce sai an sanar kafin a saɓa, in da laifi ai na wanda ya ɗauko mutane daga Bombai ya jefa su dajin da ba su sani ba ba tare da ya tura an leƙo masa ba ne. Amma kuma in na tuna ƴaƴan talakawan Indiya da suka mutu a gonakin roba na Tanga a kan rigimar da ba tasu ba, sai in ji ba daɗi sosai. A ƙarshen watan nan dai Fox ya bi babban jirgi Goliath suka kai hari Darussalam, a Janairun 1915 kuma aka ci tsibirin Mafiya da shi.

Sai kuma namu. A 1915 aka ba wani Kyaftin William Boyle jirgin, ɗan gidan sarautar Ailan, mai jan gashi, shi ya sa suke masa laƙabi da Ginger, kuma ya zama shugaban duk jiragen sintirin Bahar Maliya. Lokacin Hijaz tana ƙarƙashin Turkawa, Daular Usmaniyya ta Istambul fa ba tamu ta Shehu ba, kuma Turkawa suna ɓangaren Jamus, don haka Ingila ta tsare teku. Ku yi tunani, ƙasar da hatsinta da shinkafarta duk ta ruwa suke zuwa daga Masar da Indiya, kuma abincin mutanenta yana wuyan alhazai, a ce jirgi ba shiga, alhazai sun ragu saboda yaƙi. Nan na gane maganar Hajiya ta gari babu abinci, don idan attajirin cikin Balad, wato tsohon garin Jidda, ya ji jiki to ina ga Takari mai ga-ruwa da mai dako da ke bayan ganuwa.

Ranar 10 ga Yuni 1916, wato 9 ga Sha'aban 1334, Sharif Husaini, sarkin Makka, ya ɗaga bindiga a Makka ya yi harbi ya shelanta tawaye ga Turkawa. A Jidda ƴan ƙabilar Harb ne suka kewaye gari, amma sojan Turkiyya wajen 1,500 da ke wurin suna da igwa da bindigogi masu sarrafa kansu, Larabawan ƙauye suka kasa kusantarsu. To a nan ne Fox da wani jirgi Hardinge na rundunar Indiya suka matso suka dinga sakar wa ramukan Turkawa wuta a wajen gari. Wanda ya san tekun Jidda ya san ba wasa ba ne shigarta, duwatsun murjani ne jere-jere a ƙarƙashin ruwa, shi ya sa a da manyan jirage daga nesa suke tsayawa a kwaso alhazai da ƙananan kwale-kwale da ake kira sambuk. An yi kwanaki ana wannan rugugi, sai ranar 15 ga wata wani jirgi mai suna Ben-my-Chree ya iso ɗauke da jiragen sama masu tashi daga kan ruwa, suka zo suka jefa bama-bamai, washegari 16 ga Yuni Turkawa suka miƙa wuya. Kusan mako guda kenan, daidai da kwanakin da yarinyar nan ta yi a ƙarƙashin tabarma.

Lokacin da na karanta wannan ina cikin mota ne kusa da ƙofar mina, na kashe waya na yi shiru ina kallon wajen teku, tsigar jikina ta tashi. Shekara nawa muna jin kafin igwa bayan igwa kamar tatsuniya, ashe abu ne mai rana da wata da sunan jirgi da sunan wanda ya ba da umarnin harbi.

Boyle bai tsaya nan ba. A Disambar 1916 da kwamandan Turkawa Fakhri Pasha ya taso daga Madina zai kwace Yanbu, Boyle ne ya tara jirage a bakin garin suka kunna manyan fitilu suna haska fili duk dare, Turkawa suka ga haske da bakin igwa suka juya. A Janairun 1917 Fox na cikin jiragen da suka ci Wajh. Mutane suna yawan ambaton Lawrence, jami'in Ingilan nan da ya yi yaƙi tare da Larabawa, in ana maganar wannan tawaye, amma ni a ganina ba don waɗannan jiragen da ke kai abinci da zinariya da bindigogi suna kuma tsare garuruwan gaɓa ba, da abin bai kai ko'ina ba. Shi Boyle daga nan aka ba shi katafaren jirgi Repulse, ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwar muƙamin sojan ruwa, ya gaji sarautar gidansu ta Cork da Orrery a 1934, a yaƙin duniya na biyu shi ya jagoranci jiragensu a Narbik ta Norwe a 1940, bai rasu ba sai 1967 yana da shekara 93. Sharif ɗin da aka yi wa yaƙin kuwa mulkin gidansa a Hijaz bai kai shekara goma ba, a Disambar 1925 Jidda ta koma hannun Sarki Abdul'aziz.

Abin da ke ci min rai shi ne, kyaftin-kyaftin ɗin nan kowanne an rubuta ranar da ya hau da ranar da ya sauka, har littafin da ake rubuta abin da ya faru a jirgi kullum suna da shi, iska ta kaɗa ta ina, kwal nawa aka loda. Mu kuwa kakar kakata da ta tako daga ƙasar Hausa ta yi shekaru a hanya tana aikatau a gonakin Sudan don ta ga Ka'aba, abin da ya rage mana nata shi ne tabarmar nan da salatin. Ganuwar ma da suka zauna a bayanta an rushe ta a 1947, sai ƙofofin da aka sake ginawa irin su Bab Makka.

Fox dai bayan yaƙi an tura shi arewacin Rasha a 1919, wajen Arkanjel, daga zafin Bahar Maliya zuwa ƙanƙara, a 1920 aka sayar da shi aka farfasa aka yi gwangwan da ƙarfensa.

Ran Juma'ar da ta wuce bayan an sauko na je gaida Baffa, shi kaɗai ya rage a ɗakin su babanmu, na buɗe masa hoton jirgin a waya, baƙi da fari, da bututun hayaƙi biyu da dogayen sanduna gaba da baya. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo yana matso da wayar kusa da ido, ya ce yanzu wannan ɗan abin ne? Na ce shi ne Baffa, bai kai sulusin jiragen kwantenar da muke saukewa ba. Ya ce in ƙara faɗa masa ranar, na ce daga 9 ga Sha'aban aka fara. Ya ƙirga da yatsu ya ce to lallai, Inna ta ce a cikin yunwar nan suka shiga azumi. Sai ya ce in je a wanko masa hoton a takarda babba, yana so ya nuna wa jikokinsa in sun zo hutu daga Makka.