Tasha ta takwas

Jiya Juma'a na je Hanyar Gicciye, addu'ar tuna wahalar Yesu tasha-tasha har zuwa mutuwarsa, a babban cocinmu na Holy Family, nan Sakkwato. Zafi kam ba a magana, kowa na fifita da takardar addu'a. Muna tasha ta takwas cikin 14, inda Yesu ya juyo ga matan Urushalima masu kuka, sai hankalina ya fice waje.

Kafin in shiga coci, a bakin titi na wuce wata baiwar Allah goye da jika, robar bara a hannu, ƙafafunta duk faso. Daga Sabon Birni 'yan bindiga suka taso su. "Allah Ya ba mu, Inna," na ce mata, na ƙara sauri, wai kada in makara addu'a!

Kunya ta rufe ni a durƙushen nan. Tun 2011 da Bishop Kukah ya zo garin nan muke jin wa'azi kan marasa gata, mu gyaɗa kai, mu watse. Ni ma har da ni.

Da aka tashi na neme ta, ba ta nan. Yaro mai ruwan leda ya ce ta yi wajen kasuwa. Ɗari biyar ɗin da na so in ba ta na nan a aljihuna.